Sukarin da Bai Fito a Fitsari Ba

Har zuwa shekarar 2012, wanda ya shiga babban kanti a Jamus zai iya tarar da wani sashe da aka keɓe wa masu ciwon sukari: cakulan, biskit, jam, har da lemo, kowanne da tambarin cewa ya dace da mai wannan lalura. Da yawa daga cikinsu ba da sukarin da muka saba aka zaƙaƙa su ba, da furuktos ne, wato sukarin 'ya'yan itace. A 2009 hukumar tantance haɗurran abinci ta ƙasar ta ce ba ta ga hujjar ci gaba da ba masu ciwon sukari wannan shawara ba. A 2010 aka soke dokar da ta halatta tambarin, aka ba 'yan kasuwa shekara biyu su kwashe kayansu. A lokacin, furuktos ya yi sama da shekara 130 yana cin sunan aminin mai ciwon sukari.

Sukarin rake, wanda masana ke kira sukuros, tagwaye ne a manne: gulukos ɗaya, furuktos ɗaya. Da zarar ya isa hanji sai su rabu. Furuktos ya fi ɗan'uwansa zaƙi, shi ne mafi rinjaye a zuma, yana kuma cikin dabino da mangwaro da sauran kayan marmari. Ɗan Adam ya daɗe yana cin sa, amma da ɗan dama, kuma yawanci sai lokacin nunar 'ya'yan itace. Gonakin rake na Karebiya, da bayin Afirka da aka ƙarar a cikinsu, su suka canja lissafin. A wajajen 1700 Baturen Ingila yana shan kimanin kilo 2 na sukari a shekara. A 1800 ya kai kilo 8, a 1900 ya doshi kilo 40. Rabin wannan duka furuktos ne, kuma a mafi yawan wannan zamani ba wanda ya san da shi.

Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Augustin-Pierre Dubrunfaut, shi ya fara ware shi a 1847. Bayan shekara goma William Allen Miller na Landan ya raɗa masa sunan da muke kiran sa da shi. Likitocin wancan ƙarni sun fi kiran sa lebulos, daga kalmar Latin mai nufin hagu, saboda ruwansa yana karkatar da wani nau'in haske zuwa hagu, na gulukos kuma zuwa dama.

Sai mu tuna yadda ciwon sukari yake kafin a samu insulin a Toronto a 1921. Yaron da ya kamu da mai tsananin ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Abin da likita ke iya yi shi ne ya hana majinyaci abinci har ya rame, kuma ma'auninsa ɗaya ne: fitsari. In sukari ya ragu a fitsari, an samu sauƙi. A 1874 wani likita Bajamushe, Eduard Külz, ya lura cewa in aka ba mai ciwon sukari furuktos, ba ya zubo shi a fitsari kamar yadda yake zubo gulukos. Daga baya Oskar Minkowski, wanda shi da Joseph von Mering suka nuna a 1889 cewa kare yana kamuwa da ciwon sukari in aka cire masa fankiriyas, ya ga cewa hantar irin wannan kare tana iya sarrafa furuktos duk da haka. Ga mutumin da aka hana duk wani abu mai zaƙi, wannan albishir ne babba. Ba mu ga laifin waɗannan likitoci ba. Abin da suka gani gaskiya ne, kuma har gobe gaskiya ne.

Da ma'auni ya tashi daga fitsari ya koma jini, hukuncin bai canja ba. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da jadawalin da ke nuna yadda kowane abinci ke ɗaga sukarin jini. Aka ba gulukos maki 100. Furuktos ya tsaya wajajen 20, ƙasa da burodi, ƙasa da dankali. Na'urar da ake auna jini da ita gulukos kaɗai take gani. Masu aikin kwamfuta irinmu sun san wannan tarko: allon sa ido zai yi ta nuna kore yana cewa lafiya lau, alhali abin da aka umarce shi ya duba kaɗai yake dubawa.

To ina furuktos ɗin yake tafiya? Gulukos na kowa ne. Tsoka da ƙwaƙwalwa da kowace gaɓa suna ɗiba. Furuktos kuwa ƙaramin hanji da hanta ne ke ɗaukar kusan dukan nauyinsa. A hanyar da gulukos ke bi a cikin hanta akwai shinge: in hantar ta ƙoshi sai ta rage shigowarsa. Furuktos ta ɓarauniyar hanya yake bi, ya faɗo a gaban shingen. Ko hanta na bukata ko ba ta bukata, sai ta sarrafa shi, wani ɓangare ta mayar gulukos, wani ta adana, wani kuma ta mayar kitse. Saurin aikin yana cinye makamashin hantar, abin da ke haifar da ƙaruwar sinadarin yurik a jini, wanda yawansa ke kawo ciwon gaɓoɓin nan da ke kama babban yatsan ƙafa. Kuma da yake ba ya tayar da insulin sosai, saƙon ƙoshi da ya kamata ya isa ƙwaƙwalwa yana zuwa da rauni. Wato dalilin da ya sa aka yabe shi, shi ne kuma tushen tuhumar da ake yi masa.

Alamu sun fara fitowa da wuri. A 1956 likitoci biyu a Landan, Chambers da Pratt, suka bayyana wata mata da ke amai duk lokacin da ta ci abu mai zaƙi. Aka gano cuta ce ta gado, ba kasafai ake samun ta ba, inda hanta ke fara sarrafa furuktos ta kasa ƙarasawa. A wasu asibitocin Turai, musamman Jamus, an riƙa ƙara wa majinyata ruwa mai furuktos ta jijiya, bisa tunanin ya fi gulukos sauƙi. Masu wannan cuta da ba a san suna da ita ba, wasunsu sun mutu a kan gado, har dai aka daina. A 1967 likitoci biyu 'yan Finlan suka nuna cewa furuktos yana ɗaga sinadarin yurik. John Yudkin, shehin malamin ilimin abinci a Landan, ya yi shekaru yana cewa sukari na da hannu a ciwon zuciya, har ya fitar da littafinsa Pure, White and Deadly a 1972. Abokan aikinsa, musamman Ancel Keys na Minesota wanda ya ɗora laifin a kan kitse, sun yi masa ca. Sai a 2016 masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono wasiƙun da suka nuna cewa gidauniyar masu sukari ta Amurka ta biya wasu masana na Harbad kimanin dala 6,500 don su rubuta sharhin da ya fito a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya tsananta wa kitse, ba tare da an faɗi wanda ya biya ba. Wannan bai wanke kitse ba, kuma hujjojin Yudkin ba su da ƙarfin da magoya bayansa na yau ke ba su. Amma tambayar da ya yi ta cancanci kuɗin bincike, sai ta samu ba'a.

A daidai wannan lokaci, wani abu na tasowa daga gonar masara. Sitacin masara gulukos ne zalla a sarƙe, in aka warware shi a samu ruwa mai ɗanko wanda zaƙinsa bai kai na sukari ba. A 1957 Richard Marshall da Earl Kooi suka samo wani sinadarin ƙwayoyin bakteriya da ke juya gulukos ya koma furuktos, sai dai hanyar ba ta riba. Yoshiyuki Takasaki, ma'aikacin wata cibiyar binciken gwamnatin Japan, shi ya gyara ta a tsakiyar shekarun 1960 ta yadda masana'anta za ta iya. A 1967 wani kamfanin sarrafa masara na garin Kilinton a jihar Ayowa ya fara sayar da ruwan zaƙin masara mai furuktos. Siyasa ta ƙarasa sauran. Amurka ta yanke sayen sukarin Kuba a 1960. A ƙarshen 1974 farashin sukari ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, ya haura santi 60 kan kowace laba. Ministan noma na lokacin, Earl Butz, yana ta zuga manoma su cika gonakinsu har bakin shinge, masara ta yi arha. A 1982 gwamnati ta dawo da ƙayyade sukarin da ake shigowa da shi, farashinsa a cikin gida ya zauna sama da na duniya. A Nuwamba 1984 Coca-Cola da Pepsi suka sanar cewa za a iya haɗa lemonsu da ruwan masara ɗari bisa ɗari. Zuwa 1999, abin da ke isa ga kowane Ba'amurke a shekara ya kai kusan kilo 29.

A 2004 George Bray da Samara Nielsen da Barry Popkin suka jera lissafin shan ruwan masara kusa da na ƙiba a Amurka, suka nuna tare suka tashi. Daga nan jama'a suka samu wanda za su tsana. Amma ruwan masarar da ake sa wa lemo furuktos ɗinsa kashi 55 ne cikin ɗari, na sukarin rake kashi 50. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da masara ta yi shi ne ta sa zaƙi ya yi arha, ya zama ruwa, kwalba ta yi ta girma. Masu masarar sun nemi a 2010 a canja wa kayansu suna ya koma sukarin masara, hukumar abinci da magunguna ta ƙi a 2012. A 2025 kuma Coca-Cola ta ce za ta fitar da wani nau'i mai sukarin rake a Amurka, wasu suka yi ta murna kamar an kawo magani. Wannan ruɗanin ya shafe mu. Mai shan lemo a Kano ko Maraɗi ba shi da wata kariya don an ce da sukarin rake aka haɗa nasa. Rabinsa furuktos ne, haka ma cokulan da mai shayi ke zubawa da wanda ake sa wa zoɓo. Gwangwani ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da kimanin giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da aka ƙara ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, in da hali ma kashi 5, wato wajen giram 25. Harajin naira 10 kan kowace lita da Nijeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021, hauhawar farashi ta riga ta cinye shi.

Gwajin da ya fi kusa da raba gardama a kan manya shi ne na Kimber Stanhope da Peter Havel a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, wanda ya fito a 2009. Mutum 32 masu ƙiba, mako goma, kashi ɗaya cikin huɗu na kalorinsu daga abin sha. Wasu mai gulukos, wasu mai furuktos. Duka ɓangarorin sun ƙara nauyi kusan daidai. Amma 'yan furuktos ne kitse ya taru musu a cikin ciki kewaye da hanji, hantarsu ta ƙara ƙera kitse, jikinsu ya rage jin insulin. Masu suka sun ce ba wanda ke shan furuktos zalla da wannan yawa, kuma John Sievenpiper na Toronto ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa in aka musanya shi da wani sitaci ba tare da ƙarin kalori ba, illar ba ta cika fitowa ba. A 2018 wani aiki a kan ɓeraye a Jami'ar Firinston ya ba da haske a kan saɓanin: in furuktos kaɗan ne, ƙaramin hanji ke gamawa da shi kafin ya isa hanta, in ya zo da yawa a lokaci guda, sai ya malala. Muna ganin nan ne bambancin lemon zaƙi da lemon kwalba yake.

Batun mai juna biyu ya fi wannan wuya, kuma ta wata hanya daban ya iso. An daɗe ana ɗaukar mabiyiya a matsayin garkuwa, ana ganin ɗan tayi yana zuƙar abin da yake so ko uwa ta ci ko ba ta ci ba. A 1952 Jørgen Pedersen na Kofanhegan ya yi bayanin cewa sukarin jinin uwa yana tsallakawa, fankiriyas ɗin ɗan tayi ya mayar da martani da insulin, shi ya sa mata masu ciwon sukari ke haifar manyan jarirai. Sai yunwar Holan. Daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945 sojojin Jamus suka toshe abinci ga yammacin ƙasar, rabon mutum ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a yini. A 1976 aka duba bayanan samari kimanin 300,000 da aka auna don aikin soja, aka ga waɗanda yunwar ta riska a farkon rabin zamansu a ciki sun fi ƙiba a shekara 19. David Barker na Sawsamton ya ɗora a kai. Ya samo kundayen da wata shugabar ungozomomi, Ethel Burnside, ta sa aka riƙa cikewa a gundumar Hatfodsha tun daga 1911, kowane jariri da nauyinsa. A 1989 ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan shekaru da dama. A ƙabilar Pima ta Arizona kuma, wani bincike na 2000 ya kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya: wanda aka haifa bayan uwar ta kamu da ciwon sukari ya fi wansa shiga haɗarin kamuwa, nesa ba kusa ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya, cikin ne ya bambanta.

Wani abin mamaki shi ne furuktos ba baƙo ba ne a sha'anin haihuwa. A 1946 Thaddeus Mann na Kambirij ya gano cewa shi ne sukarin da ke cikin maniyyi, abincin ƙwayoyin haihuwar namiji. A tumaki da shanu kuwa, jinin ɗan tayi cike yake da shi, mabiyiya ce ke ƙera shi daga gulukos ɗin uwa. Tambayar ita ce me ke faruwa in ya kwararo daga waje, kullum, ta bakin uwa.

Ba za a tara mata masu ciki a ɗura wa rabinsu lemo na wata tara don a ga abin da zai faru ba. Saboda haka ɓeraye aka tambaya. A 2011 Mark Vickers da abokansa a Okland ta Niyu Zilan suka ba ɓeraye masu ciki furuktos daidai kashi 20 cikin ɗari na kalorinsu; mabiyiyar 'ya'ya mata ta ƙanƙance, sinadaran jininsu suka sauya, na mazan bai nuna haka ba a wannan mataki. A 2016 ɗakin binciken Kelle Moley a Sen Luwis ya ga cewa furuktos ya sa mabiyiya tana tara sinadarin yurik da kitse, 'ya'yan suka zo ƙanana, kuma maganin rage yurik ya gyara lamarin. Sun duba mata ƙalilan, ba su kai ashirin ba, suka ga alamar dangantaka iri ɗaya. Ɓera dai ba mutum ba ne, cikinsa mako uku ne, kuma a gwaje-gwaje da yawa ana ba shi furuktos har kashi 60 cikin ɗari na abincinsa, abin da ba ya faruwa a kowane gida.

A kan mutane, sai bibiya. Binciken ma'aikatan jinya na Amurka ya nuna a 2009 cewa matan da ke shan lemon kola mai sukari sau biyar ko fiye a mako kafin su ɗauki ciki, haɗarin ciwon sukarin ciki ya ƙaru musu da kashi 22 cikin ɗari. A Boston an bi uwaye da 'ya'ya 1,078, aka ruwaito a 2017 cewa yawan lemon da uwa ta sha a watanni ukun tsakiya yana tafiya da yawan kitsen ɗanta a wajen shekara takwas. Matsalar irin wannan bincike sananniya ce. Matar da ke shan lemo kullum ta bambanta da wadda ba ta sha ta fuskoki da yawa: kuɗi, barci, aiki, sauran abinci, da abin da za ta ba yaron bayan yaye. Ana ƙoƙarin cire waɗannan da lissafi, amma ba sa fita tas. Akwai kuma haɗarin da ba ma so mu raina: a mayar da binciken sandar dukan uwa, a manta da wanda ya sa kwalbar lemo ta fi madara arha.

Hujja mafi ƙarfi da muke da ita a yau ba masana ne suka shirya ta ba, yaƙi ne. Birtaniya ta fara rabon sukari da kati a Janairun 1940, kuma ba ta saki ba sai Satumban 1953, shekara takwas bayan an ajiye makamai. A ƙarƙashin rabon, babban mutum yana shan kimanin giram 40 a yini. Da aka ɗage, cikin ɗan lokaci ya ninka zuwa wajen giram 80. Wanda aka yi cikinsa kafin wannan wata da wanda aka yi cikinsa bayansa, unguwa ɗaya suka taso, makaranta ɗaya, asibiti ɗaya; kalanda ce kawai ta raba su. Masana tattalin arziki uku, Tadeja Gračner da Claire Boone da Paul Gertler, suka shiga babban rumbun bayanan lafiya na ƙasar suka zaro mutum sama da 60,000 da aka haifa tsakanin Oktoban 1951 da Maris 1956. Sakamakon ya fito a mujallar Science a ƙarshen Oktoban 2024. Waɗanda suka yi kwanaki dubu na farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu, a ƙarƙashin rabo, haɗarin ciwon sukari nau'i na biyu ya ragu musu da kimanin kashi 35 cikin ɗari, na hawan jini da kashi 20. Waɗanda suka kamu ma, ciwon sukarin ya yi jinkirin shekara huɗu, hawan jinin shekara biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kariya daga zaman ciki kaɗai ya fito; sauran ya fi bayyana bayan wata shida, lokacin da jariri ke fara cin abinci.

Binciken yana da iyaka. Mutanen rumbun 'yan sa-kai ne, sun fi matsakaicin Baturen Ingila lafiya da wadata. An saki wasu kayan abincin a shekarun da ke kusa, ko da yake marubutan sun nuna ba wanda cinsa ya yi tsalle irin na sukari. Sannan sukarin 1953 sukuros ne, don haka ba zai iya gaya mana ko furuktos ne ya yi ɓarnar, ko gulukos, ko yawan kalori, ko kuwa harshen yaro ne ya saba da zaƙi tun yana goye ya ci gaba da nema har girma ba. A bayanan, layukan ɓangarorin biyu tare suka yi ta tafiya shekara hamsin. Sai a tsakiyar shekarunsu na hamsin suka fara rabuwa, tazarar ta fi faɗi bayan sittin. Yaran Amurka da aka yi cikinsu a shekarar da Coca-Cola da Pepsi suka koma masara, yanzu suka shiga arba'in da 'yan kai.